Kwamfutar da Ta Tsere wa Bijimina

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke yanke harajin kayan da ake shigowa da su ƙasar nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da haƙuri da jama'a. Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ban san fuskarka ba, amma shekara uku ke nan alƙalaminka yana kwana a cikin garkena, don haka ina ganin mun isa mu gaisa.

Ka yi mini uzuri idan rubutun ya karkace. Yau kwana biyu ke nan bakina ya ƙi rufuwa don murna, har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini. Ƙorafi na zo yi, kuma zan yi shi, sai dai da dariya zan yi.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Safana, haifaffen Tsaskiya. Tun ina ƙarami ba ni da buri sai tuƙa tirela. Amma shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu, ba ta iya taka kuloci, sai na haƙura na kama alli. Wata rana aka tura mu bita Katsina, wani abokin aiki ya zaunar da ni gaban kwamfutarsa ta wasa, irin mai ƙarfin nan, ya ce in ja mota. Tirela ce sukutum, da madubi, da ham, da kaya a baya, kuma ba ta tambayi ƙafata ba. Wallahi sai da na yi hawaye a gaban mutane. Daga ranar na ɗaura niyya.

Ga yadda ta kaya tsakanina da ku.

Na ɗaya. Na je shagon masu kwamfuta a Katsina na yi ciniki. A lissafin wannan lokacin, bijimi ɗaya mai ƙiba zai sayi kwamfutar, ya sayi sitiyarin wasan da ake ɗaurawa a tebur, har a samu canjin shayi. Ina kuwa da bijimi a turke, Ɗan Goshi, wanda na yi wata da watanni ina ɗura wa dusa da harawa. Da na sayar da shi a wancan makon, da wannan wasiƙa ba ta zo maka ba.

Na biyu, kuma nan ne laifina, ba zan ɓoye ba. Na nemi shawarar Kawu Isiya na Darini, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a cinikin hatsi, mutumin da ke damƙar gero ya gaya maka farashinsa na wata uku masu zuwa. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, da iliminka? Wa ka taɓa gani ya sayi abu da damina? Ka jira kaka, komi sauka shika yi.” Maganar ta shige ni, domin tun da aka haife ni ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa ba. Gero na sauka da kaka, dawa na sauka, gyaɗa na sauka. Sai na koma gida na ƙara wa Ɗan Goshi dusa, ina jiran a yi girbin kwamfuta.

Na uku. Kaka ta zo, na buga wa mai shago waya ina taƙama. Ya ce an taɓa haraji a tashar jiragen ruwa, dala ma ta motsa, yanzu sai bijimin da buhu huɗu na gero a kai. Kawu ya ce wannan kakar ce ba ta yi albarka ba, a jira ta gaba. Ta gaba ta zo, aka ce buhu bakwai. Na tambayi dalili, mai shago ya ce ban da harajinku, wai manyan kamfanonin ƙasashen waje suna wawashe kayan cikin kwamfuta don wasu ayyukansu. Wannan ban ɗora maka ba, kowa da nasa kayan. Amma ka duba abin da ya fi ci mini rai: a daidai lokacin ne aka sassauta wa hatsin waje haraji, geron da na ɓoye a rumbu ya faɗo warwas. Abin da nake sayarwa kun buɗe masa ƙofa, abin da nake so in saya kun ƙara masa sakata. Ɗan Goshi ya yi ƙiba har tozonsa ya kwanta, amma ko da gudu bai kamo farashin ba.

Ranar kasuwar Batsari da ta wuce na ce ya isa haka. Na kai Ɗan Goshi kara, na haɗa da buhu tara, na hau mota sai Katsina. Na dawo rungume da kwali a cinya, ban bari yaron mota ya ɗora shi a but ba. Sitiyari kam bai samu ba, kuɗin sun ƙare a kan kwamfutar. Da madannan rubutu na kwamfutar nake tuƙi, kamar mai ɗinki.

Amma ranka ya daɗe, na tuƙa! Jiya da la'asar, da wutar solar gidanmu, na ɗauko lodin katako na haura wani dutse mai ƙanƙara. Kawu Isiya ya zo musamman don ya ga abin da ya cinye bijimi. Ya zauna kan tabarma yana taɓe baki. Da muka shiga wata kwana mai rami a gefe, sai na ji ya damƙe ƙafar kujerata yana salati, yana cewa in rage wuta akwai iyali a gida. Da na ajiye motar lafiya ya share zufa ya ce, “Ashe wannan ba a noma ta.” Shekara uku nake jiran wannan fatawa.

Roƙona guda uku ne. Na farko, idan za ku taɓa haraji, ku sanar da wuri kuma da Hausa a rediyo, yadda ake sanar da ganin wata, don mai bijimi a turke ya san ranar kwancewa. Na biyu, idan kuka sassauta wa abin da manomi ke sayarwa, ku tuna shi ma yana da abin da yake son saya, kuma ba kullum taki ba ne. Na uku, don girman Allah ku ɗaga alƙalaminku daga kan sitiyari har in cire gyaɗata. Wannan karon ba kaka nake jira ta sauke mini farashi ba, kuɗin kawai nake jira.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya sa alƙalaminka ya zama mai sauƙi a kan talaka. Idan hanya ta taɓa biyo da kai Safana, ka tambayi gidan malamin da ke tuƙa tirela, kowa ya sani yanzu. Zan kai ka duk ƙasar da kake so, ba ko sisi, ba shingen kwastan. Sai dai ka haƙura da tsakiya, don Kawu ya riga ya kama gefen taga.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Kabiru na Tsaskiya,
direba, kuma malamin makaranta.