Ƙafarka da Na Ɗaure Ranar Kofi

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya a can Jos. Takarda uku na aiko maka ba amsa, shi ya sa na kai wannan takardar gidan jarida. Duk wanda ya san ka, don Allah ya karanta maka.

Yaya, shekara biyu ke nan, har yau raina a ɓace yake.

Ka tuna kulob ɗinmu na ƙwallo. Ku goma sha ɗaya kuna wasa ba takalmi, ni ƙanenka aikina ɗaure muku idon sawu. Bandeji biyu kacal muka mallaka. Ana tashi wasa in wanke su, in shanya, in naɗe, har suka saki suka daina riƙe komai. Da suka mutu, tsohon zanen Inna na tsaga gida takwas.

Sau nawa na durƙusa gaban shugaban kulob, Malam Tanimu akawu, ina roƙon sule biyu na filasta? Kullum amsarsa ɗaya: "Ƙafar talaka ba ta son gata." Amma da aka ce Bature zai zo kallon wasan kofi, sai ga sababbin riguna, ga lemo, ga mai hoto daga Sabon Gari. Filasta ce kaɗai ta gagara!

Saura kwana uku wasan ka yi targaɗe. Na gasa maka da ruwan zafi, na shafa man kaɗanya, kumburin bai sauka ba. Na ce kada ka buga. Malam Tanimu ya ce in ba kai ba kofi, kuma ba zai ji kunya gaban baƙo ba. Ka miƙo mini ƙafar ka ce, "Ɗaura kawai, Isa."

Na ɗaura. Na san tsumma ne, na san ba zai riƙe ba, na ɗaura.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ka yi tsalle ka dira a kanta. Daga bakin fili na ji ƙarar. A amalanke na tura ka har Gyallesu wurin mai ɗori, kana cije hularka. Shi kuwa shugaba yana can rungume da kofi ana ɗaukar hoto. Ko sannu bai zo ya yi maka ba. Da ƙafar ta warke a karkace, ofishin da kake aiki suka sallame ka, suka ce masinjan da ba ya taka keke ba shi da amfani.

Har yau in na haɗu da mutumin nan ba na gaishe shi, duk da faɗan da Inna take mini.

Kai ma ina fushi da kai. Me ya sa ka ji maganarsa ka ƙi tawa? Me ya sa ka shiga jirgi ba sallama, kamar kai ne ka yi abin kunya? Amma fushin da nake yi da kaina ya fi duka. Da na ɓoye hannuwana na ce ba na ɗaurawa, da yanzu kana nan.

Idon Inna ya yi rauni, Yaya. Duk mai sandar da ya wuce ƙofar gida sai ta ce in leƙa. In ni ne ba ka son gani, zan koma Hanwa wurin Kawu. Ka dai zo ta ji muryarka.

Allah Ya sassauta maka ciwon, Ya tsare ka a inda kake, Ya sa ka yafe mini. Amin.

Ni ne ƙanenka,
Isa.