Hayaƙin Kayan Mijinki

Zuwa ga ƙanwata Talatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Chaza sai godiya.

Ɗana Habu ne ba lafiya. Tun da mijinki ya sauke mana matattun talabijin, ya sa shi ƙona wayoyinsu da tsohuwar taya don cire jan ƙarfe, tari bai sake shi ba. Kakinsa baƙi ƙirin. Na kira mijinki, ya ce a ba shi madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji, sannan ya tambaya ko an gama aikin.

Ba a gama ba. Ki turo naki ɗan, Sani, ya ƙarasa, ni zan sayi madarar.

Ki sa Habu a addu'a. Ki gaida Inna.

Yayarki,
Ladi