Kifin da Robarka Ta Ɓata

Zuwa ga ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya Fatakwal, yaya aiki? Mu nan Haɗejiya sai godiya, ban da abin da ka bar mini.

Da ka zo sallah, ka tarar igiyar da ke toshe bakin ƙofar murhun bandar Inna ta cinye, hayaƙi yana fita ta gefe. Na ce a kira mai walda, ka ce kai za ka gyara. Ashe tsohuwar robar tayar babur ka yanka ka liƙa, ka tafi abinka.

Ran Laraba aka kawo mini tarwaɗa daga Auyo, na jera, na hura wuta. Kafin la'asar gidan ya ɗauki warin ƙonanniyar taya. Robar ta narke, kifin duk ya sha hayaƙinta. Maman Bitrus, wadda tun Inna na da rai take sayen bandarmu, ta shinshina ta ajiye, ko kallona ba ta yi ba. Wuni na yi da wuƙa ina kankare ɓarnarka kafin mai walda ya sa igiya mai jure wuta.

Ga kwali nan na ba direban motar Fatakwal ya kawo maka. Kifinka ne, ka cinye shi tas. Ka gaida Hadiza, amma kada ka ba ta, ita ba ta yi mini komai ba. Ka taya ni addu'a Allah ya ba ni haƙurinka.

Yayarka,
Hajara