Hannun Tambari A Cikin Hoto

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa ke hannunsa. Ni ne Alhaji Sodangi, ɗan Yusha'u Sarkin Ruwa, mazaunin bakin gulbin Rima a ƙasar Goronyo. Ina rubuta wagga takarda da hannuna, da hantsi, hankalina ɗaya, ba zafin zazzaɓi ba, ba jirin magani ba. Malam Jelani liman shina zaune kusa da ni, shi zai sa hannu ya zama shaida. Zuwa gare ku ɗiyana huɗu: Lawwali, Maccido, Hauwa'u da Azumi. Tun da damina ta kama ƙafafuna ke kumbura, kuma ina jin ƙugin ruwa cikin kunnena ko da tsakar rana, gida shiru. Likita ya ce hawan jini ne. Ina shan maganinshi, amma na san abin da nike ji.

Na ɗaya. A rufe ni da wuri, kar a jira na nesa. Gida, gonar tudu, jirage biyu, taru da injin ban ruwa, malamai su raba muku yadda Allah ya raba. Ba ni da bakin magana a nan.

Na biyu. Akwatin ƙarfe shuɗi da ke ƙarƙashin gadona, Hauwa'u ta riƙe shi amana, don ita kaɗai ce ban taɓa ganin ta taɓa hoto da hannun maiƙo ba. Hotuna talatin da bakwai ne a ciki. Mutumin nan mai baƙar jaka da ya zo daga Sakkwato har sau biyu shina taya su, zai dawo in ya ji na mutu. Ku ba shi ruwa, ku sallame shi. Abin da ya fi so shi ne katin nan mai kauri, irin wanda ake liƙa wa kan sarki a aika ta gidan waya. Kakanku Yusha'u ne a jiki, tsaye cikin ruwa har gwiwa, da kifin nan giwan ruwa wanda mutum biyu sunka ɗaga mishi da sanda. Wani Bature ya ɗauke shi tun ina goye. Bayan shekaru wani akawu ya ga katin ana sayarwa a kanti, ya gane fuskar, ya kawo muna. An buga rubutu a ƙasa, wai masunci ne a Arewa. Ba suna, ba gari. Baba ya juya katin gaba da baya, ya ce, "To ni ina nike cikin wanga rubutu?" Hauwa'u, ki rubuta sunanshi a baya, da na duk wanda kika iya ganewa a sauran hotunan. Ki tambayi tsofaffi tun suna nan. Rabin mutanen da ke ciki ruwa ya ci su, rabin wuraren kuma yanzu albasa da tafarnuwa ke tsaye a kansu.

Na uku, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Akwai hoto guda wanda gefen damansa babu. Ni ne a ciki, ina saurayi, na riƙe kan wani babban kifi ragon ruwa, wutsiyar kuma wani hannu ne ya riƙe ta, ba a ganin mai shi. Kuna yara kun sha tambayata, na ce muku gara ce ta ci. Ƙarya na yi muku. Gara ba ta ci a miƙe. Da almakashin uwarku na yanke shi. Hannun nan na ƙanena Tambari ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mai hoto na kasuwa ya ɗauke mu a bakin Gurbin Maje, shekara guda kafin a rufe dam ɗin Goronyo. Gurbin nan ya fi tsawon gorar tuƙin jirgi uku zurfi, tare muke su a cikinsa tun Baba na da rai. Da anka tare gulbi, ruwa ya koma zuwa da lokaci, sai an buɗe ƙofa ya zo. Gurbi ya ja baya, ya bar ƙasa baƙa mai kyau a bakinsa. Na ce tawa ce tunda ni ne babba, kuma ni na gaji sarautar ruwa. Tambari ya ce tare munka gada. Shekara uku ba mu gaisa ba, ƙofofinmu na kallon juna. A cikin shekarun nan na yanke hoton.

Wata rana da rani, bayan azahar, saƙo ya iso mini cewa gobe da hantsi za a saki ruwa mai yawa, a gaya wa masunta kar kowa ya shiga. Masu aikin dam sun sauke nauyinsu, saura nawa. Na bi gida gida. Gida goma sha ɗaya na shiga. Da na zo ƙofar Tambari, matarshi Kaltume na sussuka a waje. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, mi ya faru na ga kana ta zagaye?" Na ce, "Ba komi." Na wuce.

Na san ya kafa sabon taru a mashigin gurbi. Abin da na ƙudura a raina shi ne ruwa ya tafi da tarun, ya zo ya durƙusa mini. Allah shina gani, iyakar nufina ke nan. Amma na san ƙanena, na san ba ya barin taru. Ya fita tun sauran masunta na gida, ya hau goran su ya shiga. Ina zaune a zaure na ji ƙugin ruwan ya taso. Ban tashi ba sai da na ji kururuwar mata. Kwana uku muna nema, a ƙasan Wurno anka same shi, igiyar taru naɗe a hannunshi. Ni na yi mishi wanka. Mutane sunka ce ƙaddara ce, wai taurin kai gare shi, an gaya wa kowa bai ji ba. Na yi shiru. Bayan arba'in na shuka albasa a ƙasar nan, kuma da ita na ciyar da ku, da ita na tafi Makka.

Na huɗu. Fadamar bakin Gurbin Maje ba ta shiga rabonku. Rabinta haƙƙin Tambari ne tun asali, rabin da ya rage kuma na yi wasiyya da shi ga ɗiyarshi Mairo, kuma Malam Jelani ya duba bai wuce sulusi ba. Lawwali, na san kai ka haƙa rijiyoyin da ke ciki, za ka ji zafi. Ka bar su. Kaltume na nan da rai a Maikujera wurin danginta, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ku huɗu ku tafi tare, cikin mota guda, kafin sadakar bakwai. Ku karanta mata na uku daga farko har ƙarshe, kar ku tsallake kalma. Ku ba ta hoton. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta tofa muku yawu, ku sunkuyar da kai, nawa ne ba naku ba. Sau biyu na kama hanya da kaina. Na farko na kai Marnona na sauka na sayi goro na juyo. Na biyu ko tasha ban kai ba.

Na biyar. Lawwali da Maccido, da ku nike. Tun sallar bara ba ku haɗa ido ba, a kan wa zai fara jan ruwa da inji. Kuna tsammanin tsoho ba ya gani. Ranar sunan ɗan Azumi anka nuna mini hoton da anka ɗauka da waya: ɗaya a wancan gefe, ɗaya a wanga gefe, mutum tara a tsakaninku. Wannan bai tsorata ni ba. Abin da ya tsorata ni shi ne ranin da ya wuce, da ruwa ya shanye irin albasar Maccido. Lawwali, a gabana anka kira ka anka gaya maka ruwa na tafe. Ka maida wayar aljihu, ka ci gaba da cin tuwonka. Na dubi fuskarka na gane ta, don na taɓa sa ta. A wannan karo iri ne ya tafi. Maccido kuma, na ji abin da ka faɗa a kasuwa, cewa za ka rama ko bayan shekara goma. Ni ma haka na fara.

Don haka ga umurnina, ba shawara ba: duk wanda ya ji labarin ruwa a cikinku, ƙofar wanda yake gaba da shi zai fara bugawa, kafin tashi ƙofar, kafin ta kowa. Ku koya wa ɗiyanku haka. Injin nan in ya gagare ku rabawa, ku sayar, ku koma ja da guga.

Na shida. Gaɓar da ke bayan gida tana zubewa. Bana kaɗai ta ci taku huɗu, tsamiyar Kaka ta fara nuna saiwa. Kar ku sake gini ta wannan ɓangare, kar ku bar mata su yi wanki a ƙarƙashinta. Na yi shekara saba'in ina kallon gulbin nan, ban taɓa ganin ya juyo da baki wajen gidanmu kamar yanzu ba. Ban ce don laifina ne ba, wannan sanin Allah ne. Na dai faɗa muku abin da idona ya gani.

Ku yafe mini ƙaryar da na yi muku, da abincin da na ba ku ba ku san tushensa ba. Ni na yafe muku duka, har abin da ban sani ba. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya tsare ku daga ruwa da abin da zuciya ke ɓoyewa. Ku riƙe 'yan'uwanku mata, ku sa Mairo a cikinsu, a kira ta duk abin da ya taso, na daɗi da na kuka. Kar ku raba tukunya ranar sallah. In anka zo ɗaukata, Lawwali da Maccido su kama gaban makara, kafaɗa da kafaɗa. In ɗayanku ya ƙi, a ajiye ni ƙasa a rana, a jira shi.