Ni na goge rumbun, shi aka karya wa hannu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ina roƙo a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina. Ban ce ban cancanci zagi ba. Shawara dai nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni dillalin shanu ne a Garwa, arewacin Kamaru. Ban gaji komai ba. Da koren shanun mutane na fara, a ƙafa, har Allah ya sa yau ina loda manyan motoci zuwa kudu. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma Faransancin da zan yi magana da jandarma a hanya ina da shi, kuma duk kara, kasuwar shanunmu, an san ba a cutata sau biyu. Da wannan halin nake taƙama, shi ne kuma ya jefa ni cikin abin da zan faɗa.

Ga yadda muke aiki, don wanda bai sani ba. Mota ɗaya ba ta mutum ɗaya ba ce. Dillalai da mahauta da yawa ne suke haɗa shanu a garke ɗaya tun jajibirin lodi, kowa da nasa, kowace dabba da takardar likitanta da sunan wanda zai karɓe ta a kudu. Da can fenti muke shafawa mu dogara da ido, kuma da wuya a yi lodi ba a zare sanda ba, wannan ya ce bijiminsa ne, wancan ya rantse nasa ne. Sai ɗan yayata, bari in kira shi Nuhu, ya dawo daga karatun kwamfuta ya zauna wurin uwarsa a unguwar Pumpumre. Uwar tasa Adda muke ce mata, ita ta goya ni. Nuhu ya zo kara ya ga rigimarmu, ya tsara mana abu: a ɗauki hoton kowace dabba, a sa mata lamba a kunne, a shigar da sunan mai ita da takardarta da motar da za ta hau. Duk wannan yana taruwa wuri guda da yake kira rumbun bayanai, kowa kuma yana ganin nasa a wayarsa.

Da farko rumbun yana cikin wata kwamfuta a ofishina a unguwar Rumde Ajiya. Zafin Garwa da ɗaukewar wuta suka kusa kashe ta. Sai ya ce zai mayar da shi gajimare. Na ce wane gajimare kuma? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, suna ne kawai. Kwamfutocin wani babban kamfani ne a wata ƙasa, haya za mu yi kamar yadda kake hayar sito. Wutarsu ba ta ɗaukewa, ɓera ba ya cin wayarsu." Na ce to sito ai da makulli, wa zai riƙe? Ya ce shi. Na ce ba a yi haka da ni ba. Na dage har ya sa babban makullin da sunana, lambar sirri ta riƙa zuwa wayata, shi ya riƙe ƙarami na aiki. Ranar ya ce mini, "Kawu, ka riƙe, amma don Allah kallo kawai. Kada ka taɓa komai a ciki." Na ce ya je, ni ba yaro ba ne.

Ni na jawo 'yan ƙungiyarmu ta dillalai da mahauta suka shiga, ɗaya bayan ɗaya, har aka daina fenti gaba ɗaya. Akwai wani mahauci, Garba, mai ƙarfi da saurin hannu, shi ya fi kowa tsiya. Kullum sai ya ce, "Alhaji, yau ma shanunmu a sama suke kiwo? In hadari ya taso su zubo mana a ka?" A yi dariya. Amma wani lokacin yakan ƙara da cewa, "Ranar da yaron nan ya sayar da mu, kai za mu riƙe." Ina dariya, amma maganar ta zauna mini.

Jajibirin wani babban lodi, bayan la'asar, ina zaune ni kaɗai a ofis, na buɗe da makullina don in duba. Sai na ga rumbu biyu. Girmansu ɗaya, sunansu kusan ɗaya, ɗaya a ƙasar da ya faɗa mini, ɗayan a wata ƙasar da bai taɓa ambata ba, ko ya ambata ban saurara ba, Allah ne ya sani. Jama'a, ɗan kasuwa ya ga yaronsa da sito na biyu cike da irin kayansa, a wurin da bai sani ba, me zai kawo a ransa? Na ce shi ke nan, ya kwafe mu, zai sayar wa abokan hamayyarmu su san me kowa yake da shi da wanda yake sayar wa. Me ya hana ni kiransa? Waya tana hannuna. Amma ni a tsarina, in na gano irin wannan, kwaɗo nake fara canzawa, magana ta biyo baya. Na nemi wurin gogewa na danna. Jan rubutu ya fito yana gargaɗi, ban tsaya karanta shi duka ba. Aka ce in rubuta sunan abin da hannuna in da gaske nake, na rubuta. Lamba ta shigo wayata, na saka. Na tashi na tafi gida ina jin na kama ɓarawo tun bai fita da kaya ba. Ashe abin da na danna ba ɗaya yake gogewa ba, duk gidan da suke ciki yake rushewa, na farko da na biyu.

Da safe a kara, motoci sun jeru, shanu a cakuɗe babu fenti a jikin ko ɗaya, kowa ya buɗe waya, babu komai. Fari fat. Masu motoci suna ihu rana tana yi, likitan dabbobi ya ce ba zai sa hannu a kan dabbar da ba a san mai ita ba, mutum biyu har sun kama igiyar bijimi ɗaya suna ja. Ni kuwa tun da na ga wayata na san abin da na yi. Aka kira Nuhu ya zo a kan babur, ya tsuguna a gindin bishiya ya buɗe kwamfutarsa, mutane suka kewaye shi. Garba yana tsaye a kansa yana cewa, "Sauko mana da su daga saman, ɗan boko, ko an yi musu ruwa ne?" Wani ya ce da Fulatanci, "Gujjo!" wato ɓarawo. Nuhu bai kula su ba, yana ta dannawa. Can sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗago kai ya neme ni a cikin taron, ya ce, "Kawu, jiya ka..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Sandar kiwo tana hannuna, na ɗaga na sauke masa a baki. Ba zan ce fushi ne ya rufe mini ido ba, ƙarya ne, da hankalina na yi. Na san kalmar da za ta biyo baya, na san mutanen da suke tsaye da sanduna da wuƙaƙe a ƙugu, na zaɓi kada ta fito. Na ce da ƙarfi, "Ina ka kai mana kayanmu, munafuki?" To da suka ga kawunsa ya fara, wa zai tsaya? Suka rufe shi. Garba ya fizge kwamfutar ya maka ta da jikin mota. Nuhu ya faɗi yana kare kansa da hannun dama, sanduna suna sauka a kan hannun, har na ji ƙarar ƙashin duk da ihun da ake yi. Wani ya taka masa haƙarƙari, wani ya ɗauko igiyar ɗaure shanu ya ce a ɗaure shi a bayan mota a ja. Jini yana fita ta bakinsa yana haɗuwa da kashin shanu a ƙasa, yana neman yin magana, bakin ya ƙi. Sai da na ga Garba ya kai hannu ga wuƙarsa sannan na faɗa kansa na rufe shi da jikina, ina cewa ya isa, in kun kashe shi wa zai fito mana da kayan? Da wannan maganar na cece shi, ita ma ƙarya ce a kansa.

Ni na kai shi asibiti a motata. Haƙoransa na gaba sun zube, hannun ya karye wuri biyu, likita ya ce yatsun ba lalle su koma yadda suke ba. Mutumin da da yatsu yake cin abinci. Adda ta zo a guje ko mayafi bai zauna mata ba, ta ga rigata jina-jina, ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa, "Allah ya saka maka, ƙanena. Da ba ka wurin da sun kashe mini shi." Har yau ba ta san wa ya fara ba, don waɗanda suka gaya mata labarin sun ce taro ne, ba a gane hannun kowa ba.

Da aka sallame shi ya koma Pumpumre, ya aiko a kira ni. Na same shi kwance a kan tabarma a inuwar tsakar gida, Adda tana dafa masa kunu don ba ya iya tauna. Ya jira ta shiga ɗaki, sannan ya ce, da ƙyar maganar take fita, "Kawu, kawo wayarka." Na miƙa masa. Ya aro kwamfutar maƙwabci, yana danna ta da hannun hagu. Ya ce kamfanin ba ya zubar da abin da aka goge nan take, yana ajiye shi na ɗan lokaci, kuma sai da babban makulli ake dawo da shi. Na ce, "Nuhu, wancan na biyun fa, na mene ne?" Ya ce, "Na tsaro ne. In wancan ginin ya ƙone ko ya lalace, wannan ya ɗauka nan take. Na gaya maka ranar da na haɗa shi, kana waya da direba." Ya ci gaba da dannawa. Ya ce, "Makullina ba ya iya gogewa, Kawu. Naka ne kaɗai yake iyawa." Na ce me ya sa ba ka gaya wa uwarka ba? Ya ce, "In ce mata me? Ita ta goya ka." Bai ko dube ni ba. Kafin in bar gidan komai ya dawo, hotuna, lambobi, takardu, ba abin da ya ɓata.

Na ɗauka dawowar za ta wanke shi. Ashe ita ce ta ƙarasa shi. Da wayoyi suka cika a kara, Garba ya hau kan benci ya ce, "Kun gani? Da ba mu taɓa shi ba da bai fito da su ba! Sanda ce ta sauko da gajimaren!" Aka yi tafi. Yanzu duk Garwa, daga kara har masu kifin tafkin Lagdo da ya fara yi wa irin wannan aikin, an san Nuhu a matsayin wanda ya ɓoye kayan mutane sai da ya sha duka ya fito da su. Masu kifin sun kore shi. Yara suna yi masa ihun gujjo ta bayan katanga. Ni kuma sai yabona ake yi, wai Alhaji ba sani ba sabo, ko ɗan 'yar'uwarsa bai ƙyale ba. Kun san yadda abinci yake a bakin mutumin da ake yi wa irin wannan yabon?

Ga inda ake yanzu. Asabar mai zuwa ƙungiya za ta zauna. Sun yanke shawarar a ba Nuhu wa'adi ya bar garin, in ya ƙi, Garba da mutanensa sun ce za su je har gida su ƙarasa abin da suka fara, kuma na san Garba, ba cika baki yake yi ba. Ni suka zaɓa in tashi in faɗi hukuncin, don a ce daga bakin kawunsa ya fito. Na lissafa abin ta kowace fuska kamar yadda nake yi wa ciniki. In na tashi na ce ni na goge, ni na fara dukansa don in rufe masa baki, sandunan nan kaina za su dawo, kuma ba ni da wanda zai rufe ni da jikinsa. Ko sun bar ni da rai, ba mai sake haɗa shanu da ni a mota ɗaya, kuma Adda za ta ji. In na yi shiru na ba shi guzuri ya tafi wani gari, ya tsira da ransa, amma ya tafi da sunan ɓarawo da hannu ɗaya, uwarsa ta zauna ita kaɗai tana yi mini addu'a. Na yi tunanin in fara zuwa wurin limaminmu ko manyan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya kafin taron, amma magana ba ta kwana a kara, kafin in gama da na biyu Garba ya ji.

Jiya na je duba shi, na ce, "Nuhu, me kake so in yi?" Ya ce, "Kawu, ka fi ni sanin ciniki." Ya juya fuska bango.

Don Allah wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ya gaya mini gaskiya, kada ya lallashe ni. Ranar Asabar za a kira sunana in tashi a gaban mutanen nan, sanduna a hannunsu. Me zan yi?