Gonar Baba ta fita daga lissafi

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali? Ya ƙarin haƙurinmu?

Nan Agiye kowa zancen zaɓe yake. Ni ko ina buro wurin aiki, ina sa kwamfuta ta ja layi tsakanin ruwan da gonakin Cadawa suka samu da damin geron da suka bayar. Duk gonar da ba a rubuta girbinta ba, fidda ta take yi, ba tambaya. Jiya ta fidda guda. Na duba, ashe ta Baba ce. Ya shuka, bai ga kaka ba, mu kuma ba wanda ya koma. Tsuntsaye suka cinye.

Yaya, na kasa ganin laifin kwamfutar.

Ka sa shi a addu'a, mu ma haka. Gaida Hadiza da yara.

Ƙanwarka, Rabi