Mangwaron Surukina Ya Koma Masai

Zuwa ga Shugaban ofishinmu na safiyo da zane a Bagudo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Yallaɓai da iyali suna lafiya, na liƙa wannan takarda a allon sanarwa ne saboda sau uku ina kawo maganar da baki, sau uku ana cewa in yi haƙuri. Haƙurin ya ƙare a ƙauyen Geza.

Na ɗaya. Kwamfutocinmu huɗu manhajar zane ɗaya suke amfani da ita, kuma a cikinta akwai jerin wuraren da take bi tana neman fayilolin alamomi. Daga sama take farawa, wanda ta fara samu shi take ɗauka. Yallaɓai da kanka ka tsara jerin nan, kuma ka tsara shi bisa shekaru: foldar Malam Manu a sama don shi ne dattijonmu, sai taka, sai tawa, sannan babbar foldar ofis, inda ainihin kayan aiki suke, can a ƙasa. Ka kulle da kalmar sirri. Na yi bayani, ka ce a ofishinka ba a sa kowa gaba da mai furfura.

Na biyu. Malam Manu ba ya zama. Ranar kasuwar Lolo ba ya nan, in an yi suna a wajen danginsa na ƙetaren iyaka kwana uku ne, kwamfutarsa da foldarsa ke ciki a kashe, ɗakinsa a kulle. Ita kuwa manhajar nan ladabi gare ta. Sai ta tsaya ƙofarsa tana sallama, ba mai amsawa, kuma ba za ta wuce ba sai ta gaji. Layi ɗaya zan ja, in je in sha fura in dawo, tana nan tana jiran Malam Manu.

Na uku, kuma nan ne ciwon. Surukina, mahaifin matata, ya ba ni aikin zanen gonarsa ta Geza don ya nuna iyakarsa gaban mai gari. Mangwaro goma sha huɗu ne a gonar, shi ya dasa su da hannunsa. Na yi zanen a ranakun da Malam Manu ba ya nan, manhaja ta sha jira ta gangara babbar folda ta ɗauko alamar itace, komai daidai. Ranar da zan buga sai ga Malam Manu ya dawo ya kunna kwamfutarsa. Ashe a foldarsa akwai tsohon fayil mai suna iri ɗaya da na alamar itacen, na wani aikin makaranta da ya yi tun ban fara aske gemu ba. A ranar nan, zanen ya buɗe nan take, har na ce yau an dace. Na buga, na naɗe, na miƙa wa suruki da hannu biyu. Ban duba ba, wannan laifina ne, na ɗauka.

A gaban mai gari da dattawa aka warware takarda. Duk inda mangwaro yake, masai ne, har da rubutu a ƙasa, wannan na maza wannan na mata. An ce mai gari ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi surukina ko makaranta zai buɗe. Maƙwabcin da ake jayayya da shi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yanzu duk Geza in surukina ya wuce, tambayarsa ake ko akwai layi.

Wallahi Yallaɓai na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa bai tambaye ni komai ba.

Ga roƙona. A ɗauko babbar folda a sa ta a sama. A cire foldojin mutane daga jerin gaba ɗaya, tawa ma, kowa ya zuba abin da yake da amfani wuri guda. A share tsofaffin fayilolin da suka yi suna ɗaya. Malam Manu kuma a girmama shi yadda ya dace, a ba shi kujerar da ke ƙarƙashin fanka, ni zan kai masa ita da kaina. Na tambaye shi, bai ma san yana sama ba.

A yi wannan kafin Juma'a, don na yi alkawarin kai sabon zane, kuma Malam Manu ya ce wannan makon ba inda za shi.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da girma, ya ba shi surukai masu duba takarda kafin su miƙa. Mako uku ke nan ina zuwa Geza ina tsayawa ƙofar gidan surukina ina sallama. Manhajarmu in ta gaji tana da wata folda a gaba. Ni surukin nan ɗaya gare ni.

Wassalam.

Mai zanenku na tebur na uku.